Ruwan Sama da Shiyyoyin Duniya: Yawa, Lokaci da Tabbas

 

Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda ruwan sama ya rarrabu a doron ƙasa, da yadda wannan rabo ya fitar da manyan shiyyoyin halittu: kurmi mai duhu, da daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin namu, da hamada, da dazuzzukan ƙasashen sanyi, da filayen ƙanƙara na ƙarshen duniya. A makaranta an saba koyar da abin da lissafi mai sauƙi, wato inda ruwa ya yi yawa kurmi ya fito, inda ya yi kaɗan hamada ta shimfiɗu. Wannan lissafi yana da gaskiyarsa, amma rabin gaskiya ce. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne cewa jimillar ruwan shekara ita kaɗai ba ta isa ta gaya mana me zai tsiro a wuri. Sai an haɗa ta da abu uku: lokacin da ruwan ke sauka, da abin da rana ke zuƙewa daga cikinsa, da kuma ko ana iya dogara da zuwansa shekara bayan shekara. Wanda ya riƙe waɗannan ukun zai gane duniya, kuma zai gane gonar gidansu.

Bari mu fara da ma'auni. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ya sami lita ɗaya ta ruwa. Da wannan ma'auni za a ga tazarar da ke tsakanin sassan duniya. Ƙauyen Mausinram, a tsaunukan Meghalaya na arewa maso gabashin Indiya, yana samun sama da milimita 11,000 a shekara. Debundsha, a gindin dutsen Kamaru, yana kusa da 10,000. Manawus da ke tsakiyar kurmin Amazon na samun sama da 2,000. Kano tana wajen 800 zuwa 900, Yamai kusan 550, Agadas ba ta kai 200 ba. Garin Arika kuwa, a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, matsakaicin abin da yake samu a shekara bai cika milimita ɗaya ba, kuma akan jera shekaru ko ɗigo bai sauka ba.

Wannan rabo yana da sabubba da aka sani. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, saboda haka iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama ɗauke da tururin teku. Tana hawa tana yin sanyi, tururin ya haɗu ya zama gajimare, ya zubo. Shi ya sa manyan kurmuka uku na duniya, Amazon da Kwango da tsibiran Indonesiya, suka jeru a layi ɗaya. Iskar da ta riga ta zubar da ruwanta takan kwarara arewa da kudu ta can sama, ta sauko a busasshiya wajen digiri 30, kuma a ƙarƙashin wannan saukowa ne Sahara da hamadar Larabawa da Kalahari da tsakiyar Ostareliya suke kwance. Ɗamarar ruwan nan ta tsakiyar duniya ba a tsaye take ba, tana bin rana arewa da kudu. Idan ta hauro arewa, iska mai laima daga tekun Gini ta shigo mana, mu ce damina ta faɗi. Idan ta koma, iskar arewa maso gabas ta taso daga Sahara da ƙurarta, mu ce hunturu ya zo. Duwatsu ma suna da nasu hannu. Iska mai laima idan ta ci karo da tsauni dole ta hau, ta zubar da ruwanta a fuska ɗaya, ta sauka ɗaya fuskar a bushe. Himalaya ce ta jiƙa arewacin Indiya ta kuma bar Tibet cikin ƙishi, kamar yadda tudun Jos yake samun ruwa fiye da filayen da ke arewa da shi.

Zuwa nan lissafin makaranta bai yi kuskure ba. Inda yake fara tangal-tangal shi ne idan aka jera garuruwa masu jimilla kusan ɗaya. Landan tana samun wajen milimita 600 a shekara, Sakkwato ma tana samun hakan ko fiye kaɗan. Amma karkarar Ingila kore ce shar daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, ƙasar Sakkwato kuwa takan yi wata bakwai ko takwas ciyawarta a bushe. Sirrin yana cikin rabon watanni. Ruwan Landan yayyafi ne da ke zuwa kowane wata, kaɗan-kaɗan, ƙasa ta sha a tsanake. Na Sakkwato kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, yawanci cikin hadari mai ƙarfi da ke juye abin da ya ɗauko a awa ɗaya ko biyu. Duk wanda ya tsaya a bakin fako lokacin irin wannan ruwa ya san yadda abin yake. Ɗigon farko yakan daki ƙasa ya ta da ƙura da ƙamshi, cikin ɗan lokaci fuskar ƙasar ta toshe kamar daɓe, sai ruwan ya tashi ya bi gangare, ja wur da ƙasar da ya kwaso, ya faɗa kwazazzabo ya wuce. Washegari idan ka tona da fartanya, ƙasa da tsawon yatsa za ka tarar da busasshiyar turɓaya. Ma'aunin ofishin yanayi ya rubuta milimita arba'in, amma saiwar gero ba ta ga rabinsu ba. Bahaushe ya ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma a wurin shuka ruwan da ya shiga ƙasa ya zauna shi ne ruwa.

Haka abin yake idan aka haɗa Kano da birnin Rum na Italiya, wanda shi ma ke samun wajen milimita 800. Ruwan Rum yana zuwa ne da kaka da lokacin sanyi, watannin zafi kuwa a bushe suke. Tsiron da zai rayu a can dole ya jure fari a daidai lokacin da rana ta fi ƙuna, shi ya sa itatuwan yankin suke da ƙananan ganye masu tauri, irin zaitun, kuma manomi yake shuka alkama da kaka ya girbe ta a farkon zafi. Irin wannan tsari ana samunsa a gewayen Bahar Rum, da Kalifoniya, da tsakiyar Chile, da kusurwar Afirka ta Kudu, da kudu maso yammacin Ostareliya, kuma duk da nisan da ke tsakaninsu tsirransu sun yi kama da juna. A Kano ruwa da zafi tare suke zuwa, don haka abin da ya yi nasara shi ne tsiro mai gaggawa, wanda zai fito ya girma ya yi iri cikin wata uku ko huɗu, wato ciyawa, da 'yan uwanta gero da dawa. Cerafunji, maƙwabcin Mausinram, shi ne ya fi kowa nuna nauyin lokaci. Tsakanin Agustan 1860 da Yulin 1861 an auna masa ruwa sama da milimita 26,000, wanda har yau ba a rubuta irinsa a ko'ina ba. Duk da haka mutanen garin sukan sha wahalar ruwan sha a watannin rani, domin ruwan yakan zubo a wata kaɗan ya gangare daga kan dutse zuwa filayen Bangladash.

Abu na biyu shi ne rabon rana. Duk ruwan da ya sauka, wani kaso nasa zai koma sama, ko dai kai tsaye daga fuskar ƙasa da tafkuna, ko ta ganyen tsirrai. Zafi da iska su ke yanke yawan wannan kaso. A yankin Sahel, da a ce ruwa na nan kullum, rana da iska za su iya ɗauke sama da milimita 2,000 a shekara, wato ninki uku ko huɗu na abin da sama ke bayarwa. Ku kwatanta wannan da Yakutsk a Saiberiya, wanda ruwa da dusar ƙanƙarar da yake samu a shekara ba su wuce milimita 250 ba, kwatankwacin bakin hamada a arewacin Damagaram. Amma Yakutsk a tsakiyar daji take, dajin taiga da ya fi kowane daji faɗi a duniya. Sanyi ya hana rana ɗaukar rabonta, ƙasan ƙasa kuma a daskare take shekara da shekaru, don haka ruwan ba ya nutsewa ya ɓace. Gaba da nan, a filayen tundura na bakin tekun Aktik, ruwan ya ma fi haka ƙaranci, amma da zarar ƙanƙara ta narke ƙasar takan zama fadama mai caɓi da sauro. Masanin yanayi Biladimir Kofen, wanda ya fara tsara rabe-raben yanayin duniya tun ƙarshen ƙarni na 19, ya gane wannan sarai. A tsarinsa babu adadi guda da za a ce daga nan hamada ta fara. Iyakar tana hawa idan wuri ya fi zafi, tana kuma ƙara hawa idan ruwan a lokacin zafi yake sauka. Shi ma masani Robat Witaka, da ya zana taswirar shiyyoyin halittu a shekarun 1970, sai da ya ɗora zafi a gefe ɗaya ruwa a ɗaya gefen kafin zanen ya yi ma'ana.

Abu na uku, wanda ya fi shafar rayuwar mutane, shi ne tabbas. Wata ƙa'ida da masana suka daɗe da lura da ita ita ce, duk inda ruwa ya fi ƙaranci a nan ne ya fi rashin alkawari. Kurmin Kwango idan ya rasa kashi goma cikin ɗari na ruwansa a wata shekara, ba a cika ganin alama ba. A Sahel kuwa shekara ɗaya tana iya kawo ninki biyu na wadda ta gabace ta, kuma ko a cikin damina ɗaya ruwa kan ɗauke sati biyu ko uku bayan shuka ta fito, ko ya yanke a daidai lokacin da gero ke fid da kai. Matsakaicin da ake rubutawa a littafi lissafi ne na shekaru masu yawa, manomi kuwa da shekarar da ke gabansa yake rayuwa. Halittun irin wannan shiyya duk an gina su ne a kan rashin tabbas. Kuka tana tara ruwa a cikin kututturenta. Aduwa da magarya suna zura saiwa can ƙasa. Irin ciyawa kan kwanta cikin rairayi yana jiran ruwan da ya isa. Gawo ya juya wa kowa baya, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani saboda saiwarsa ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana kuma ba dabbobi abinci a lokacin da babu. Makiyayin da ke bin ruwa arewa da damina ya gangaro kudu da rani, da manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, amsa ɗaya suke bayarwa ga tambaya ɗaya.

Mai sauraro zai iya cewa, duk wannan bayani bai kawar da gaskiyar cewa Amazon ruwa ne ya yi ta, Sahara kuma rashinsa ba. Na yarda. A iyakokin biyu yawa shi ke hukunci, domin babu rabon watanni da zai fitar da kurmi daga milimita 50. Tarihin Sahara kanta shaida ne. Tsakanin shekaru kusan 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da damina ke kaiwa can arewa, Sahara fili ce mai ciyawa da tafkuna. Raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, da kwale-kwalen Dufuna da aka tono a jihar Yobe mai shekaru kusan 8,000, duk ragowar wancan zamani ne. Amma yawancin bil'adama ba a tsakiyar Amazon ko tsakiyar Sahara suke zaune ba. Suna tsakani ne, inda ruwan shekara yake daga ɗari kaɗan zuwa dubu da wani abu, kuma a wannan tsakiyar ce lokaci da zafi da tabbas suke rinjayar jimilla. A nan ne ake noman abincin duniya, a nan ne kuma ake yunwa idan an yi ta.

Wani kuma zai zo ta ɗaya ɓangaren ya ce, ai wuta da dabbobi da gatarin ɗan Adam su ne ke tsara daji, ruwa ya zama uzuri kawai. Wannan magana ma tana da tushe. Wani bincike da Mahesh Sankaran da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, bayan nazarin wurare 854 a Afirka, ya nuna cewa inda ruwa bai kai wajen milimita 650 ba, ruwan ne ke iyakance yawan itatuwa. Sama da haka ruwan ya isa ya rufe wuri da daji, kuma abin da ke barinsa a buɗe shi ne gobarar daji da kiwo. Sai dai a lura, gobarar ma 'yar rani ce. Sai damina ta fitar da ciyawa, rani mai tsawo ya busar da ita, sannan wuta ta sami abin ci. Ke nan an sake dawowa kan lokaci. Haka kuma tsirrai ba karɓa kawai suke yi ba, suna mayarwa. Masanin Barazil Eneyas Salati ya nuna tun shekarun 1970 cewa babban kaso na ruwan Amazon tururin da itatuwan kurmin suka fitar ne yake sake zubowa, don haka wanda ya sare kurmin ya rage ruwan maƙwabtansa.

Wannan muhawara ta taɓa mu kai tsaye. Bayan farin da ya addabi Sahel daga 1968 zuwa 1974, masanin Amurka Jul Carni ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo ya tsiraita ƙasa, tsiraicin kuma ya hana hadari haɗuwa. Aka daɗe ana ɗora laifin a kan manomi da makiyayi. Fari ya sake dawowa da tsanani a 1983 da 1984, tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Daga baya bincike, musamman na Alesandara Jannini da abokanta a 2003, ya tabbatar da cewa babban sababin shi ne sauyin ɗumin ruwan tekuna, wanda ya raunana iskar da ke kawo mana damina. Ashe talakan ƙauye bai kori ruwa ba. Dattawanmu ma sun san fari ya riga gatarin zamani, domin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 tana nan cikin tarihin Kano da Damagaram. Amma wanke talaka daga laifin bai nuna hannunsa ba shi da tasiri ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan itatuwa su toho a gonakinsu, suna sassabe su suna reno, har aka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa, yawancinsu gawo. A yankin Tawa kuma aka farfaɗo da fako da tassa. Mutum ya haƙa ɗan rami da rani, ya tara ƙasar a gefen gangare, ya zuba taki cikin tafin hannu biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya bi hudojin ya nutse, gero ya tsiro a wurin da shekaru ba a ga ko tsinke ba. Ba a ƙara wa sama ko milimita ɗaya ba, an dai hana wanda ya sauka gudu.

Muhimmancin wannan yana ƙaruwa ne saboda inda duniya ta dosa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara na zafi, tana iya riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Ma'anar haka ita ce rana za ta ƙara yawan abin da take zuƙewa, hadari kuma idan ya tashi zai zubo da ƙarfi fiye da da. Wani nazari na hotunan tauraron ɗan Adam da aka wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwan shekara ya ɗan farfaɗo idan aka gwada da shekarun fari, amma ya dawo da sabon hali, a dunƙule, da tazara tsakani. Ambaliyar Yamai a 2020, da wadda ta mamaye jihohin Nijeriya da dama a 2022, da ta Maiduguri a Satumban 2024, sun isa misali. Mai kallon jimilla kaɗai zai ce an sami sauƙi. Manomin da ruwa ya kwashe masa shuka a Agusta bayan fari ya ƙone ta farko a Yuni ya san ba haka ba ne.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na labarin ƙasa da aikin gona, da ma'aikatan gona, da masu tsara manufofi, su sauya tambayar da suke yi. A daina tsayawa kan milimita nawa aka samu bana. A tambayi ranar da ruwan shuka ya sauka, da kwana nawa ya ɗauke a tsakiya, da nawa ya shiga ƙasa, da nawa ya bi kwazazzabo. Wannan yana buƙatar ma'aunin ruwa a ƙauyuka da makarantu, ana rubutawa kullum, da hasashen da zai isa kunnen manomi da harshensa kafin ya fitar da iri daga rumbu. Yana buƙatar irin da ke nuna da wuri, da kare fadamu da burtali, da barin gawo da kuka a gona, da gyaran magudanai a birane kafin malka. Saukar da ruwa ba a hannunmu yake ba, rahama ce ta Ubangiji da muke roƙo kowace shekara. Amma abin da ke faruwa da shi daga lokacin da ya taɓa ƙasa zuwa lokacin da ya bar ta amana ce a wuyanmu, kuma a shiyya irin tamu, wadda ake ba ta ruwan shekara cikin wata huɗu, wannan amanar ce ke raba gona da fako.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.